Kaset ɗin Inna Hassi

Ranar Asabar da ta wuce na kashe wa jikokina talabijin suna tsakiyar dariya, har yau ƙaramarsu ba ta gama hucewa ba. Katun suke kallo, irin na barkwanci, ni kuma ina gefe ina tsince shinkafa. Wani uban agwagi ne ya cusa kansa cikin bokiti ya kasa cirewa, ɗansa ya ɗauke shi a waya ya watsa a intanet. Kafin a jima duniya ta san shi, ana buga hotonsa a riguna, ana aiko wa gidan kyaututtuka. Sai matarsa da 'ya'yansa suka haɗa baki kada kowa ya cire masa bokitin, don in an cire an daina kallonsu ke nan. Yana ciki yana roƙon a taimake shi, bokitin na mai da muryarsa kamar ta kwaɗo, yara na birgima a kan tabarma. Ban san lokacin da na miƙe ba, shinkafar ma sai da ta zube.

"Hajiya Kaka, ai zane ne, ba mutum ba ne," in ji babbansu.

Na ce masa na sani. Abin da ya tashe ni ba zai faɗu a tsaye ba, shi ya sa na zauna na rubuta shi.

A Illela na tashi cikin shekarun tamanin, a wani gida bayan kasuwar shanu. Mahaifina fatauci yake yi tsakanin Illela da Konni, garin da ke ƙetaren iyaka. Mahaifiyarsa, Kaka Tumba, ita ce mai tatsuniyar unguwarmu. In sanyi ya shigo, da an ci tuwo an yi isha'i sai ta hura wuta da karan dawa a bakin ɗakinta, mu kewaye ta mu bakwai ko takwas har da 'ya'yan maƙwabta. Tana da wani tsohon kasko da take gasa mana gyaɗa, amma ba ta rabawa sai tatsuniya ta ƙare, don ta san halinmu. Ba ta buɗe tatsuniya irin ta sauran tsofaffi. Sanda take bugawa a ƙasa sau uku ta ce, "Baƙuwa ta iso, wa ka ba ta wuri?" Mu amsa, "Ga tabarma, ta zauna." In ta gama ta ce, "Baƙuwa ta tashi, ku kakkaɓe tabarma," sannan kasko ya zagayo. Ni 'yar boko take ce mini, don ina aji biyar a firamare kuma ni kaɗai ce mace mai zuwa makaranta a gidan.

A shekarar da aka sake buɗe iyaka Baba ya dawo daga Konni da rikoda mai cin batir shida. A lokacin wanda bai iya rubutu ba kuma yake da ɗa a nesa, kaset yake aikawa. Ya zauna gaban rikoda ya faɗi abin da ke ransa, a naɗe kaset ɗin cikin farin ƙyalle, a ɗinke shi ruf da zare, a rubuta suna a kai, a ba direba. Ɗinkin nan shi ne hatimi. Direba ko ɗan iska ne ba ya farke ɗinkin saƙo, don kowa ya san amana ce. Kaset ɗin da ba ɗinki kuwa na kiɗa ne, duk wanda ya ga dama ya sa. Da yake ni na iya maɓallan rikodar, ni ake aika gidajen mata in ɗaukar musu murya.

Inna Hassi maƙwabciyarmu ce, danga ɗaya ta raba mu, kuma ƙawar Kaka tun suna 'yan mata. Mijinta ya rasu, daddawar batso take yi tana kai kasuwa ranar Lahadi. Ɗanta ɗaya tilo, Garba, ya bi fataken shanu zuwa Lome shekara shida ke nan bai dawo ba.

Ranar da na je ɗaukar muryarta na tarar ta yi wanka ta ɗaura zanen sallarta. Ta shanya gero a tsakar gida, ta shimfiɗa wa rikodar tabarma, ita ta zauna a ƙasa. Na danna, na yi mata alama. Ta yi sallama, ta jira kamar za a amsa.

"Garba, ni ta, innarka. Kana lahiya? To, madalla." Ta ba shi labarin wanda ya rasu da wanda ya yi aure, da katangar da ruwa ya ci. Sai muryarta ta sauka. "Idanun ga, Garba, hayaƙi ka ruhe su. Na hagu ya riga ya tahi. Malamin asibiti ya ce na dama ma ba shi kai baɗi. Ban ce ka aiko man komi ba. Ka zo in gan ka, ko kwana ukku ka yi, in aje huskarka wuri guda tun da sauran haske."

Ta fashe da kuka, kuka na gaske, har kafaɗunta na rawa. Ana cikin haka akuyar wani gida ta shigo ta sa baki a geron. Inna Hassi ta ji motsi, ta katse kukan nan take ta ce, "Tsaya Garba, akuya!" Ta zabura da faifai ta bi ta tana zagi, kwano ya faɗi, kaji suka watse. Ta dawo tana haki ta zauna ta ce, "Ina munka tsaya? Au, kuka nikai." Ta ci gaba daga inda ta bari.

Na cusa gefen mayafina a baki don kar dariya ta fito. Da muka gama ta miƙo mini farin ƙyalle ta ce, "Luba, ni ba ni ganin kahwar allura. Kai wa Tumba ta ɗinke man, ki rubuta sunanshi, ki ba Ɗanjuma direba shi ba masu Lome."

Ban kai wa Kaka ba. Ina so ƙawayena su ji wurin akuyar, in an ɗinke kuwa shi ke nan. Na sa musu a bayan ɗaki muka yi dariya har da riƙe ciki. Washegari da sassafe Kaka ta tafi Kalmalo wankan jegon gwaggona, kwana arba'in. Na ji kunyar kai wa wata ta ɗinke, kada a tambaye ni dalilin jinkiri. Sai na rubuta sunan Garba a jikin kaset ɗin da biro, na kai tasha tsirara. Kuma bakina bai tsaya nan ba. Da na miƙa wa Ɗanjuma na ce masa, "Akwai wurin akuya a ciki, in ka ji sai ka faɗi don dariya."

Kafin sati biyu ba inda ba a ji Inna Hassi ba. Motar Ɗanjuma ta fara, masu shayi suka karɓa, masu kwafar kaset a kasuwa suka riƙa cika ƙarshen kaset ɗin kiɗa da ita. 'Yan canji in mai sefa ya matsa musu sai su ce, "Tsaya Garba." Mai nama na faɗa, mai faci na faɗa, matan aure na faɗa wa mazansu. Mutanen Konni da suka zo kasuwar Lahadi sai su tambaya a nuna musu tsohuwar, su tsaya gaban tallarta ba don su saya ba, wani ya yi kukan akuya, wani ya ce, "Inna, ɗan yi mana kukan mana." Lahadi uku ta jure. A ta huɗu ba ta fito ba. Ta ɗaure ƙyauren gidanta da igiya daga ciki, ko rijiya ta daina zuwa. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, har wani alfahari nake ji, ina gaya wa 'yan ajinmu ni na ɗauka.

Ranar da Kaka ta dawo daga Kalmalo, da la'asar ta shiga gaida ƙawarta. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ko tuwo ba ta taɓa ba. Duk da haka bayan isha'i ta hura wuta, muka taru. Ba ta kai ga ɗaga sanda ba wata akuya ta gifta, Sani ɗan baffana ya maƙale murya ya ce, "Tsaya Garba, akuya," muka kwashe da dariya.

Kaka ta bar mu muka gama. Ta buga sanda sau ɗaya, da ƙarfin da ya tashi tartsatsi.

"Baƙuwa ta iso," ta ce. Ba ta tambayi wanda zai ba ta wuri ba.

Ta ce an yi wani tsohon jaki da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗebo wa dabbobi ruwa. Wata rana da rani ya faɗa wata tsohuwar rijiya a daji, busasshiya, mai zurfi. Yana ciki yana kuka sai ga 'yar kurciya ta sauka bakin rijiyar. Ya ce mata, 'yar ƙanwata, tashi ki gaya wa dabbobi su zo da igiya, damina na tafe, in ruwa ya sauka rijiyar nan cika za ta yi da ni a ciki. Amma rijiya mai zurfi tana juya murya. Kukan jakin in ya bugi bango ya hauro sai ya fito kamar ana wasa da algaita a cikin tulu. Kurciya ta yi dariya har ta kusa faɗawa, ta tashi ta shiga gari tana cewa ku zo ku ji abin dariya.

Dabbobi suka zo. Biri ya koyi kukan yana yi a gidajen biki. Zomo ya koya wa 'ya'yansa. Labari ya ƙetare kogi, har giwa ta yi tafiyar kwana bakwai don ta ji da kunnenta. Suka riƙa jefa masa ciyawa don ya sami ƙarfin kuka, in ya gaji ya yi shiru su jefa masa tsakuwa don ya sake. Ba jakin da ya taɓa yin suna irin nasa.

"Kowa ya zo da kunne biyu," in ji Kaka, "ba wanda ya zo da igiya ko guda. Rannan sai hadari ya haɗu gabas."

Ta tsaya a nan. Muka jira, wuta na cin kara.

"Kaka, an hid da shi?" Sani ya tambaya a hankali.

"Mi kaka tambaya ta? Tambayi kurciya, ga ta nan zaune da allonta na boko." Ta juyo gare ni. "Hassi ta ce man, Tumba, wane irin ɗinki kinka yi wa saƙona da iska ya buɗe shi? Na tsaya kamar icce. Ban ga ƙyalle ba, ban ga kaset ba. Na ce mata hannuna ne ya tsuhwa. Na yi ƙarya da hurhurata, Luba, don kar in ce mata jikata ta."

Ta ɗauki butar alwalarta ta juye a wutar, ta shige ɗaki. Ba a sallami baƙuwa ba, gyaɗar ta ƙone a kasko.

Da safe ta riƙe hannuna muka nufi tasha, riƙon da ya bar mini shaida. A bakin tasha akwai wata akori-kura da sabon rubutu a bayanta. Ta ce in karanta mata. Na karanta: Tsaya Garba. Sai riƙon ya ƙara tsauri.

Muka tarar da Ɗanjuma yana ɗaure kaya a saman mota.

"Kai ne Ɗanjuma?"

"Ni ne, Inna. Konni za ki? Gidan gaba na ba ki, kusa da ni."

"Lahira za ni, kuma ba motarka ka kai ni ba. Ina saƙon Hassi?"

Ya sauko yana sosa ƙeya yana murmushi. "Wallahi Inna, kullum ina cewa yau in ba masu Lome, sai fasinja su ce a sa masu. In ban sa ba motar wani suka shiga. Kuma ni ban farke ɗinkin kowa ba, haka anka kawo man shi. Ai ta yi suna, har garin Tawa an san ta."

"Sunan ya buɗe mata ido?"

"Wane ido?"

"Ba ka ji ta ce idonta na mutuwa ba?"

Murmushin ya ragu. "Au, wurin nan. Mukan tura shi gaba, Inna. Kukan ya yi yawa."

Ya ciro kaset ɗin daga aljihun mota. Rikoda ta tauna shi ba sau ɗaya ba, an yanke an liƙa, an sake yankewa. Kaka ta sa ya kunna. Ba sauran maganar ido, sai shuuu, sai akuya. Na masu kwafa ma duk haka suke, daga "Tsaya Garba" zuwa "kuka nikai," abin da ke gaba da baya an zubar.

"Uwarka na da rai?" Kaka ta tambaye shi.

"Tana da rai."

"Allah shi bar maka ita da idanunta."

Na sha jin Kaka na zagi, ban taɓa jin wanda ya kai wannan addu'ar zafi ba. 'Yan tasha da suka taru don jin sabon abin dariya suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Kaka ta so a sake ɗaukar wani kaset. Inna Hassi ta ce ko za a yanka ta ba za ta ƙara buɗe baki gaban abin nan ba. Sai Kaka ta sa na ciro takarda daga tsakiyar littafina, ta faɗa na rubuta, layi biyar, duk maganar ido. Ta ɗinke ta da hannunta, ta ba wani dillalin shanu abokin Baba. Mutumin ya yi ƙoƙari, amma bai sami Garba a zangon da aka san shi ba. Garba ya tashi, ba wanda ya san inda ya koma. Sai a tafiya ta uku ya gano shi yana dako a bakin jirgin ruwa.

Daga baya muka ji dalili. Kaset ɗin ya riga wasiƙar isa Lome. Garba na zaune wurin mai shayi aka sa, ya fara dariya tare da kowa kafin ya gane muryar. Wurin akuyar kawai ya ji. Ya ɗauka uwarsa lafiya lau take tun da har tana tseren akuya, kuma ta mai da shi abin wasa a ƙasar mutane. Mutanen zango suka laƙaba masa Garba Akuya, ya bar musu zangon don kunya, ya yi rantsuwa ba zai taka Illela ba sai an manta.

Ya zo bayan girbi, sanyi ya sake shigowa. Idon dama ya mutu tun tsakiyar damina. Ina leƙe ta dangar da ta raba mu lokacin da ya durƙusa gabanta. Ta sa hannu biyu ta shafa goshinsa, ta sauko hanci, ta tsaya a haɓa.

"Ka yi gemu."

"Na yi, Inna."

"Baƙi, ko da hurhura?"

"Baƙi ne."

"To," ta ce, "sai in ɗauki maganarka."

Kaka ta ci gaba da yi mana tatsuniya shekaru bayan nan, ta kuma yafe mini, amma ba ta taɓa ƙarasa ta jakin ba, ba ta kuma taɓa gaya wa ƙawarta gaskiya ba. Ni ma ban faɗa ba. Na tafi sakandare a Sakkwato, Kaka ta rasu ina aji uku. Sai saura kwana huɗu aurena, ina zagayen neman gafarar manya kamar yadda amare ke yi, na shiga gidan Inna Hassi. Tana inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na durƙusa na faɗa mata komai, da ƙyallen da ban kai ba, da abin da na ce wa direba.

Hannunta ya tsaya cikin ƙwarya.

"Ashe Tumba ba ta ga ƙyallen ba," ta ce. "Ni kau na riƙe ta a zuci har ta tahi. Muna gaisawa, muna cin goro tare, amma na riƙe ta." Ta ture ƙwaryar gefe. "Na yahe miki, ɗiyata, duniya da lahira. Yarinya kike. Allah shi ba ki zaman lahiya gidan mijinki. Sai dai abu guda nika so ki hwaɗa man, tun da ke kin yi boko. Na yi ta tunani shekara da shekaru, dare da rana duk ɗaya gare ni. Uwa ta kira ɗanta, akuya ta shiga geronta. Mi ne abin dariya?"

Ta jira, da gaske take jiran amsa.

Yanzu ina da jikoki, ina da waya, kuma ba ranar da ba a turo mini hoton wani bawan Allah da aka kama a mummunar sa'arsa, an yanke gaba an yanke baya an bar wurin da ya fi ban dariya. Mata masu salla da azumi ke turowa, su rubuta a ƙasa wai don nishaɗi. In na yi magana a ce na cika zafi. Na yarda ina da zafi. Abin da ke ƙona ni shi ne a Illela ba mugu ko ɗaya cikinmu. Ɗanjuma mai zumunci ne, masu shayin nan suna ciyar da marayu, ni kaina ina son tsohuwar nan har zuciya. Mutanen kirki ne muka taru, kowa ya ɗebi dariyarsa kaɗan, wadda ba ta kai a kira ta zunubi ba, muka haɗa muka cinye mata damina ɗaya da ta rage mata ta gani. An yafe mini, na gode wa Allah, amma yafiya ba ta mai da ido. Inna Hassi ta rasu ba ta san kalar gemun ɗanta ba sai yadda aka gaya mata, ni kuma na kusa shekarunta na wancan lokaci, har yau ban samo abin da zan amsa mata ba.